El Dorado ta 1975: Na'urar da Ke Lissafi da Ƙarfe da Waya

A shekarar 1975 kamfanin D. Gottlieb & Co. da ke yankin Shikago a Amurka ya fitar da wata na'urar wasa mai suna El Dorado. Tana cikin jinsin na'urorin da ake kira finbol, waɗanda a wancan zamani suka cika gidajen cin abinci da mashaya da ɗakunan wasanni a Amurka da Yammacin Turai. Dogon akwati ne mai ƙafa huɗu wanda nauyinsa ya haura kilo 100, an rufe samansa da gilashi, a ƙarƙashin gilashin kuma akwai wani faffaɗan katako mai ɗan gangara, faɗinsa kamar rabin mita, tsawonsa mita ɗaya da 'yan kai, wanda a kansa ne ƙwallon ƙarfe yake yawo. A can ƙarshen akwatin akwai wani akwatin a tsaye mai fuskar gilashi da aka ƙawata da zane, inda lambobin maki suke leƙowa ta 'yan tagogi. Duk wanda ya jefa tsabar kuɗi ya danna maɓallin farawa, abin da zai fara shiga kunnensa shi ne ƙarar ƙarafa suna bugun juna kas-kas-kas daga ciki, lambobin wanda ya riga shi wasa suna juyawa suna komawa sifili, ƙananan alluna goma sha biyar suna miƙewa tsaye da ƙarfi, daga nan sai ƙwallon ya faɗo gaban sandar harbi yana jiran a sake shi.

Abin da ya sa wannan na'ura ta cancanci a tsaya a yi mata nazari shi ne babu kwamfuta a cikinta, babu ma ko transista ɗaya, amma tana ƙirga maki har dubbai ba tare da ta rikice ba, tana tuna ƙwallo nawa aka buga da nawa suka rage, tana gane mai jijjiga ta fiye da ƙima ta hukunta shi nan take, ta kuma san lokacin da mutum ya cancanci kyautar ƙarin wasa. A ganina ba a fahimtar ƙirarta sai an riƙe zare biyu a hannu ɗaya. Na farko shi ne yadda injiniyoyi suka koya wa ƙarfe da waya yin lissafi. Na biyu kuma shi ne taƙaddamar da aka shafe shekaru sama da talatin ana yi a kotuna da majalisun biranen Amurka kan ko wannan wasa caca ne ko kuwa gwaninta. Wasu daga cikin muhimman ƙarafan da ke cikin El Dorado an ƙirƙiro su ne a matsayin amsa ga wannan tambaya ta biyu.

Wasan kansa ba shi da wuyar bayani. Mai wasa yana jan sanda mai sifirin ya sake ta, ta harba ƙwallon da kaurinsa yake milimita 27, nauyinsa kuma kimanin giram 80, zuwa saman katakon. Daga nan gangara take janyo shi ƙasa yana karo da abubuwan da aka kakkafa, kowane karo da makinsa, mai wasa kuma yana tare shi da mabugai, wato 'yan hannuwan da ke ƙasa waɗanda ake motsa su da maɓallan da ke gefen akwatin, don kada ya sulale ta tsakaninsu ya faɗa rami. A El Dorado, wadda Ed Krynski ya tsara filinta Gordon Morison kuma ya yi mata zane, babban abin hari shi ne allunan nan goma sha biyar, goma a jere ɗaya, biyar a wani jeren, waɗanda kowanne yake nutsewa cikin katakon da zarar ƙwallon ya buge shi.

Idan aka zare gilashin aka ɗaga katakon sama, abin da ido zai gani zai iya tsorata wanda bai saba ba, domin damin wayoyi ne masu launi iri-iri sun bi ko'ina, ga ɗaruruwan siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji. Amma duk yawansu, asalinsu abu uku ne. Akwai makunni, wato siraran ƙarafa biyu masu ɗan ƙullutu a baki, waɗanda idan suka taɓa juna wuta ta wuce, idan suka rabu ta tsaya. Akwai kwayil, wato wayar tagulla da aka naɗe a kan bututu, wadda idan wuta ta ratsa ta sai ta zama maganaɗisu ta fizgo sandar ƙarfe cikin bututun. Duk wani motsi mai ƙarfi a na'urar daga gare shi yake fitowa. Sai kuma rile, wanda ƙaramin kwayil ne da aikinsa kawai shi ne ya ja wani faranti, farantin kuma ya buɗe wasu makunnai ya rufe wasu a lokaci guda. Duk mai aikin rewaya a garejin mota ya san waɗannan abubuwa, domin irin wannan kwayil ne yake tura kik idan aka murɗa makulli, irin wannan rile ne kuma yake kunna hon da manyan fitilu. A ƙasan akwatin akwai taransifoma da ke rage ƙarfin wutar bango zuwa kimanin bolt 25 domin kwayil a na'urorin Gottlieb, da bolt 6 domin ƙananan ƙwayayen fitila.

Da waɗannan abubuwa uku ake gina sharaɗi. Idan aka jera makunnai biyu a kan waya ɗaya, wuta ba za ta wuce ba sai duka biyun sun rufe, ma'ana an ce wa na'urar kada ta ba da maki sai wannan da wancan sun faru tare. Idan kuma aka ba kowane makunni hanyarsa zuwa wuri guda, rufewar ɗaya ta wadatar. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta rilen da ke riƙe kansa: ƙwallon yana taɓa makunni na ɗan ƙiftawar ido ne ya wuce, amma da rilen ya ja, cikin makunnan da yake rufewa akwai wanda ke ci gaba da ba shi wuta, don haka sai ya zauna a jaye har sai wani abu daban ya katse shi. Ta haka taɓawar da ba ta kai daƙiƙa ba take zama abin tunawa.

Zuciyar na'urar ita ce wani ƙaramin injin lantarki da ke zaune a ƙasan akwatin, wanda za mu kira injin ƙidaya. Yana juya faya-fayai masu tudu da kwari da 'yan ƙusoshi, a kewayensu kuma an kakkafa tarin makunnai waɗanda tudun ke dannawa yayin da yake wucewa. A na'urorin Gottlieb injin yana yin sulusin zagaye ne a kowane aiki ya tsaya, a na Bally da Williams kuwa rabin zagaye yake yi. Amfaninsa shi ne ya jera abubuwa bi da bi, ya kuma samar da bugun wuta sau biyar a jere duk lokacin da aka buƙata. Don a ga yadda abin yake, bari mu bi sawun maki 500. Ƙwallon ya bugi abin da ke ba da maki 500, makunninsa ya rufe, rilen 500 ya ja ya riƙe kansa, ɗaya daga cikin makunnansa kuma ya tayar da injin ƙidaya. Injin yana juyawa, tudu biyar suna danna makunni ɗaya sau biyar, kowace dannawa tana aika wuta zuwa rilen maki 100, shi kuma yana sa kwayil ya matsar da gangar lambobin ɗaruruwa da lamba ɗaya, yana kuma sa wata sanda ta bugi ƙarfen kiɗa. Shi ya sa mai wasa yake jin ƙararrawa sau biyar, ƙwal-ƙwal-ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana kallon lambar tana hawa. Da injin ya kusa kammala sulusin zagayensa, sai wani tudu ya buɗe makunnin da ke ciyar da rilen 500, rilen ya saki, injin ya tsaya cak. Na'urar ba ta san wani abu wai shi 500 ba. Abin da ta iya kawai shi ne ƙara ɗaya sau biyar.

Gangunan lambobin suna aiki ne kamar na tsohuwar mitar wuta ko na ma'aunin tafiyar babur, kowace ganga da lambobi daga 0 zuwa 9 a jikinta. Abin da ɗan firamare yake kira ajiye ɗaya a ƙwaƙwalwa, ita ma tana da shi a ƙarfe: idan gangar ɗaruruwa ta kai 9, wani makunni da ke jikinta yana rufewa, don haka bugun wuta na gaba zai bi hanya biyu, ya mai da ita 0, ya kuma ƙara wa gangar dubbai ɗaya. Kowace ganga tana kuma da makunnin da ke buɗewa idan ta kai 0, kuma shi ne sirrin ƙarar nan ta farkon wasa, domin injin ƙidaya yana ta aika bugu ga dukkan gangunan, kowacce ta isa sifili sai ta cire kanta daga layi, injin kuma ba zai huta ba sai ta ƙarshe ta isa. Wannan tsari yana da rauni guda wanda ya kamata a faɗa: injin ɗaya ne, aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, saboda haka idan ƙwallon ya sake bugun wani abu mai maki 500 alhali injin bai gama na farko ba, makin na biyu yana iya salwanta. Gwanayen 'yan wasa sun san da haka, suna kuma ɗaukarsa a matsayin halin na'urar.

Sauran abubuwan da ake buƙatar tunawa, kamar adadin ƙwallayen da aka buga ko wasannin da aka biya kuɗinsu, suna hannun wasu faya-fayai masu haƙora da ke yin taku ɗaya a duk bugun wuta, suna jan 'yan yatsun tagulla a kan ƙusoshin da aka jera a da'ira. Inda yatsan ya tsaya, nan ne abin da na'urar ta sani. Allunan El Dorado su ma ma'ajiyar tunani ce irin wannan, domin allon da ya nutse yana nan a nutse, yana danne da makunninsa, mai wasa yana gani da idonsa, na'urar ma tana ji a jikinta, har sai babban kwayil ya zo ya ɗaga jeren gaba ɗaya.

To, me ya sa aka yi wannan wahala duka a kan abin wasa? Amsar tana cikin tarihinsa. Tushensa wani wasan teburi ne na Faransa mai suna bagatelle, inda ake tura ƙwallo da sanda ya bi ta tsakanin ƙusoshi ya faɗa ramuka, daga ƙusoshin nan ne ma sunan finbol ya samo asali. A 1871 wani Baturen Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar ƙirar da ta maye gurbin sandar hannu da sanda mai sifirin. Sai a 1931, ana tsakiyar karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929, David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball, ɗan ƙaramin akwati da ake ɗorawa a kan kanta, ana sayar da shi dala 17.50, ana wasa da shi da kwabo ɗaya, aka kuma sayar da sama da guda 50,000. Ray Moloney ya biyo baya da Ballyhoo, wadda daga sunanta ne kamfanin Bally ya samo nasa. A 1933 Harry Williams ya shigar da wutar lantarki cikin harkar da na'urarsa Contact, mai kwayil da ke cillo ƙwallo daga rami da ƙararrawa da ke kaɗawa. Duk waɗannan ba su da mabugi. Mutum yana harba ƙwallo ne ya zuba ido, kuma ba a jima ba wasu kamfanoni suka fara ƙera masu zubo da tsabar kuɗi ga wanda ƙwallonsa ya faɗa ramin da ya dace. Wannan kam caca ce tsagwaronta, babu wata kwana-kwana.

Hukumomi suka ɗauki mataki. Birnin Los Anjalis ya haramta wasan a 1939, Shikago ma, inda masana'antun suke, ta hana shi a cikin gari, sannan a watan Janairun 1942, makonni kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya sa 'yan sanda suka kwashe dubban na'urori, aka farfasa su da guduma a gaban masu ɗaukar hoto. Hujjarsa ita ce na'urorin suna cinye kuɗin abincin 'yan makaranta, ribar kuma tana tafiya aljihun 'yan daba masu harkar caca. Ba na ganin adalci ne a ce mutumin ya yi wauta, domin na'urorin da ya tarar a zamaninsa mafi yawansu sun cancanci zargin. Kuskuren da aka yi shi ne dokar ta zauna daram shekara 34 alhali abin da ta haramta ya riga ya sauya kama.

Tun kafin mabugi, akwai hanya ɗaya da mai wasa yake iya sa hannu a makomar ƙwallonsa, wato ya ɗan tunkuɗi akwatin. Harry Williams ne ya fito da maganin masu wuce gona da iri. A ƙirarsa ta farko wani ɗan ƙwallo ne yake zaune a kan turke, idan aka jijjiga akwatin ya faɗo ya taɓa zoben ƙarfe, wasa ya mutu. Daga baya aka koma ga abin da ke cikin El Dorado: wani dunƙulen ƙarfe mai tsini, kamar ma'aunin da magina ke saukewa da zare don duba miƙewar bango, yana rataye a tsakiyar zobe. Muddin akwatin yana zaune lafiya, dunƙulen ba ya taɓa zoben. Idan tunkuɗar ta yi yawa sai ya yi lilo ya taɓa, rile ya ja, kalmar TILT ta haska a gilashi, mabugai su mutu, mai wasa ya yi asarar ƙwallonsa, a wasu na'urorin ma wasan gaba ɗaya. Abin lura shi ne wannan ƙira ba ta hana tunkuɗa ba, iyaka ta sa mata, mai na'urar kuma yana iya ɗaga dunƙulen ko ya sauke shi don ya tsananta ko ya sassauta. Sanin daidai inda iyakar take, da iya tunkuɗa har bakinta ba tare da an ƙetare ba, ya zama wani fanni na gwaninta mai zaman kansa.

Babban juyin ya zo ne a watan Oktoban 1947, lokacin da Gottlieb ya fitar da Humpty Dumpty, wadda injiniyansa Harry Mabs ya sa mata mabugai shida, uku a kowane gefe. A 1948 Steve Kordek na kamfanin Genco ya rage su zuwa biyu ya kai su ƙasan fili a na'urarsa Triple Action, bayan 'yan shekaru kuma aka juyo da su suna fuskantar juna kamar yadda aka san su a yau. A cikin mabugin akwai wata dabara da ta cancanci a duba ta da kyau. Don ya cilla ƙwallon ƙarfe zuwa saman gangara, kwayil yana buƙatar wuta mai yawa, amma idan mai wasa ya ci gaba da danne maɓalli wannan wutar za ta ƙona shi cikin ɗan lokaci. Sai aka yi masa naɗi biyu, ɗaya na waya mai kauri domin bugu, ɗaya na siririyar waya mai tsawo domin riƙo. Lokacin da aka danna maɓalli, wani makunni da ke rufe yana sa wuta ta tsallake siririyar ta bi mai kaurin kaɗai, mabugin ya tashi da ƙarfinsa duka. Da ya kai ƙarshen tafiyarsa sai gindinsa ya ture makunnin ya buɗe, wuta ta koma bi ta naɗin biyu a jere, ta ragu zuwa abin da zai riƙe shi a sama kawai. Wannan ɗan makunni shi ne ya ba mai wasa damar ya ɗaga mabugi ya tare ƙwallon ya kwantar da shi a kansa, ya numfasa, ya zaɓi allon da zai hara, sannan ya sake shi ya buga a daidai lokacin da ya ga dama. Alluna masu nutsewa, waɗanda Kordek ya fito da irinsu na zamani a na'urar Vagabond ta kamfanin Williams a 1962, ba su da wata ma'ana sai ga mutumin da zai iya saiti. Jera goma sha biyar daga cikinsu a El Dorado tamkar shela ce cewa wannan wasa na masu saiti ne. Kamfanin Gottlieb ma ya riƙa rubuta wa na'urorinsa a gaba cewa wasan gwaninta ne.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai batun kyauta. Na'urar ba ta ba da kuɗi, amma idan maki suka kai adadin da mai ita ya saita ta hanyar sauya wa wasu filogai rami, faifan wasanni yana ƙara taku ɗaya, wani kwayil kuma ya maka wa jikin akwatin sanda da ƙara mai ƙarfi, kowa a ɗakin ya san an ci wasa kyauta. Wasu hukumomi suka ce wasan kyauta ma abu ne mai daraja, don haka caca ne, kuma suna da dalilin zargi, domin a 1951 Bally ya fara ƙera wasu na'urori marasa mabugi masu ramuka 25 da ake kira bingo, inda mutum yake ta zuba kuɗi don ya ƙara yawan abin da zai ci, ya tara ɗaruruwan wasannin kyauta, mai shago ya fanshe su da tsabar kuɗi a ɓoye. A 1957 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Korpan, ta yanke cewa irin waɗannan na'urori na caca ne ta fuskar haraji. Martanin Gottlieb shi ne na'urar Flipper ta 1960, wadda maimakon wasan kyauta take ba da ƙarin ƙwallo a cikin wasan da ake yi, abin da ba ya tarawa balle a sayar. Daga nan aka riƙa ƙera na'ura ɗaya iri biyu gwargwadon dokar inda za a kai ta, kuma 'yar uwar El Dorado mai ƙarin ƙwallo ita ce Gold Strike. Gaskiya kuma ita ce masana'antun ba su rabu da sa'a gaba ɗaya ba, domin tun daga 1957 sun sa wani faifai da ke zagayawa a ɓoye yayin wasa, idan an gama ya haska lamba ɗaya cikin goma, wadda idan ta dace da ƙarshen makin mutum ya ci wasa kyauta. Wannan ɓangare babu ko ƙwayar gwaninta a cikinsa, shi ya sa aka yi masa filogin kashewa domin wuraren da doka ta hana.

A 1974 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta rushe dokar Los Anjalis bisa hujjar cewa na'ura mai mabugi gwaninta ta fi rinjaye a cikinta. A watan Afrilun 1976 kuma aka kawo maganar gaban wani kwamiti na majalisar birnin Niyok, inda ƙungiyar masu harkar ta gabatar da wani matashin marubuci, Roger Sharpe, don ya nuna a aikace. An shigo da na'urori biyu na Gottlieb, El Dorado da Bank Shot, kuma da wani ɗan majalisa ya yi zargin an yi wa ta farkon wani siddabaru, sai aka ce ya koma kan ta biyun. Sharpe ya yi wasa yana bayani, daga bisani ya nuna layin da zai aika ƙwallon a saman fili, ya ja sanda ya saki, ƙwallon kuma ya bi ta nan. Kwamitin ya amince, aka ɗage haramcin a wannan shekara a zamanin magajin gari Abraham Beame, Shikago ta bi sahu a farkon 1977. Ana yawan ba da labarin kamar harbi ɗaya ne ya yanke hukunci, amma ni ban gamsu da haka ba. Harbi ɗaya ba ya tabbatar da komai, kuma a lokacin birnin Niyok yana cikin matsanancin ƙarancin kuɗi, kuɗin lasisin na'urori kuwa ba abin rainawa ba ne. Hujjar gaskiya ita ce wadda kowane mai buga dara ya sani: wasan da mutum ɗaya zai yi ta cin abokansa yau da gobe da jibi ba wasan sa'a ba ne, ko da kuwa wata rana ƙaramin yaro ya kayar da shi. Finbol yana tsakanin dara da ludo, domin ƙwallon yana iya karo da bamba, wato turken da ke tunkuɗa shi da ƙarfi, ya sulale tsakiyar mabugai ba laifin kowa, amma idan aka yi wasa ɗari, gwani ne zai kasance a sama.

Nasarar ta zo ne a daidai lokacin da zamanin rile yake ƙarewa. A 1975 wani ƙaramin kamfani mai suna Mirco ya fitar da Spirit of '76 mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, Bally ya biyo da Freedom a 1976, Gottlieb ya shiga da Cleopatra a 1977, kafin ƙarshen 1979 kuwa manyan kamfanonin sun daina ƙera masu injin ƙidaya. Dalilan a bayyane suke. Sabuwar na'ura ba ta zubar da maki, tana rubuta wa mai ita lissafin kuɗin da ya shiga, tana taimaka wa mai gyara gano inda matsala take, tana kuma iya tuna wa kowane ɗan wasa inda ya tsaya idan mutum huɗu suna karɓa-karɓa. Wannan na ƙarshe tsohuwar ba ta iya shi ba, domin allo ɗaya ba zai kasance a nutse ga wani a tsaye ga wani ba, kuma shi ya sa na'urorin mutum ɗaya irin su El Dorado suka fi 'yan uwansu na mutum huɗu zurfin ƙa'idoji a wancan zamani.

Sai dai shekaru sun nuna wani abu da ba a yi tsammani ba. Da yawa daga cikin allunan kwamfuta na farko batirin da ke jikinsu ya tsiyaye ya cinye su, wasu ƙwayoyinsu kuma an daɗe da daina ƙera su, alhali na'ura mai rile da ta shekara arba'in a ɗakin ajiya galibi abin da ke damunta bai wuce datti a bakin makunni da tsohon giris da ya daskare a faifan taku ba. Kowacce ta fito daga masana'anta da doguwar takarda mai zanen dukkan hanyoyin wutarta, mai gyara yana bin layi da yatsa daga kwayil ɗin da ya ƙi aiki yana duba makunnan da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya har ya iske wanda bai taɓa ba. Sau da yawa maganin bai wuce a zura ɗan kati mai kauri tsakanin ƙullutan biyu a goge, ko a ɗan lanƙwasa ƙarfen da ya buɗe da yawa ba. Masu gyara suna gargaɗi da kada a zuba mai a bututun kwayil, suna kuma cewa na'urar ta fi lafiya idan ana wasa da ita, saboda an ƙera makunnan yadda duk rufewa sai sun ɗan goga juna, gogar kuma tana share musu datti.

Ana iya ganin irin waɗannan na'urori suna aiki har yau a wurare kamar Pinball Hall of Fame da ke Las Vegas da Pacific Pinball Museum da ke Alameda a Kalifoniya. Wannan gidan tarihi na biyu ya sake gina wata na'urar Gottlieb ta 1976 mai suna Surf Champ a cikin akwati da fili na roba mai haske kamar gilashi, yadda mai kallo zai tsaya a gefe ya ga ƙwallon ya taɓa makunni, rile ya ja, injin ƙidaya ya yi sulusin zagayensa, gangar lambobi ta taka sau biyar, sandar kiɗa kuma tana bugun ƙarfenta a kowane taku.